Hajiya Dada ta Katsina: Shekara 102 a Gidan Matawalle

Da labari ya fito daga Katsina ranar Litinin, 2 ga Satumba 2024, cewa Allah ya yi wa Hajiya Dada rasuwa tana da shekara 102, kusan duk gidajen rediyo da jaridu hanya ɗaya suka bi wajen gabatar da ita: mahaifiyar marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wasu suka ƙara da Janar Shehu, wasu da Sanata Abdul'aziz. Duka gaskiya ne. Sai dai wanda ya tsaya a nan, arzikin 'ya'ya kawai ya ƙirga, bai ƙirga abin da tsohuwar ta haɗiye ba.

An haife ta a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, lokacin da Kwalejin Katsina take sabuwa fil, ana ciniki da sule da ahu, Turawa kuma na zaune daram. Ta ga sarautar Dikko, ta ga ta Usman Nagogo, ta ga ta Muhammadu Kabir Usman, sannan ta cika a zamanin Abdulmumini Kabir Usman. Lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973, ta riga ta ba hamsin baya. Da aka cire Jihar Katsina daga tsohuwar Kaduna a 1987 kuwa, ta daɗe da zama kaka.

Mijinta, Malam Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, malamin makaranta ne da siyasa ta ja shi har ya zama ministan harkokin Legas a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan gwamnati ce sojoji suka kifar a Janairun 1966. Shekara guda da rabi bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, ɗanta Shehu, matashin hafsa da ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, yana cikin waɗanda suka tafi bakin daga. A wancan zamani babu wayar salula da uwa za ta kira ta ji muryar ɗanta. Sai wasiƙa, sai rediyo, sai addu'a bayan kowace salla.

Shehu ya dawo lafiya. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a Fabrairun 1976, ya zama na biyu a gwamnatin Obasanjo tun bai cika shekara 33 ba.

Akwai wani abu a tarihin gidan da ba a cika ambato ba, alhali yana nuna irin zaman da uwar gida ta yi. A Jamhuriya ta Biyu, Matawalle jigo ne a jam'iyyar NPN, shi kuwa Umaru, malamin kimiyya, ya karkata ga PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ke sukar masu sarauta da masu hannu da shuni ba dare ba rana. Uba a nan, ɗa a can, tukunya ɗaya. Duk wanda ya tashi a babban gidan Bahaushe ya san wurin wa ake kai ƙara idan irin wannan ta taso, ya kuma san wace ce ke cewa "kai dai ka yi haƙuri, mahaifinka ne."

Daga 1993 ne jarrabawa ta fara zuwa a jere. A shekarar Matawalle ya rasu. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Shehu bisa zargin shirya juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 25. Bai fito ba. Ranar 8 ga Disamba 1997 ya rasu yana tsare a Abakaliki, yana da shekara 54, aka kawo gawarsa gida Katsina. Mahaifiyarsa a lokacin tana wajen shekara 75, shekarun da uwa ke sa ran ɗanta ne zai kai ta makwanci.

Sai kuma al'amari ya juya. Umaru ya zama gwamnan Katsina a 1999, ya yi shekara takwas, ya hau kujerar shugaban ƙasa a 2007. Mata da yawa sun so a ce su ne ita. Amma cikin Nuwamban 2009 aka fita da shi Saudiyya jinya, ƙasa ta cika da jita-jita wata da watanni, aka dawo da shi cikin dare a Fabrairu, ya cika ranar 5 ga Mayu 2010 yana da shekara 58. Karo na biyu ke nan aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, manyan ƙasa suna shiga suna cewa "Hajiya, ya haƙuri?" game da ɗan da ta goya. Ta ƙara shekara 14 a duniya bayan wannan.

A waɗannan shekarun ne gidanta na unguwar 'Yar'aduwa ya zama wurin da ɗan siyasa ba ya shiga Katsina ya fita bai leƙa ba. Dalilin a fili yake: Shehu ya bar ɗimbin almajirai a siyasa, cikinsu har da Atiku Abubakar, kuma Bola Tinubu ma daga ɓangarensa na jam'iyyar SDP ya taso. Mutanen da ke yi wa juna kaca-kaca a dandalin kamfe, a gabanta durƙusawa suke yi. Ko duka don zumunci suke zuwa, ko wasu hoton suke nema, wannan sai zuciyar kowa. Ita dai ba mai hawa mumbari ba ce, ba kuma mai hira da 'yan jarida ba.

Zuriyar ta ci gaba da yaɗo. Jikanta Murtala, ɗan Shehu, ya riƙe muƙamin ƙaramin ministan tsaro a gwamnatin Goodluck Jonathan. Wasu daga cikin jikokinta mata, 'ya'yan Umaru, sun auri gwamnoni, cikinsu har da Isa Yuguda na Bauchi da Sa'idu Dakingari na Kebbi. A 2023, tana da rai da saninta a duniya, ɗanta Abdul'aziz, tsohon hafsan soja kamar yayansa, ya ci zaɓen sanatan Katsina ta Tsakiya.

Washegarin rasuwarta aka yi jana'iza a Katsina. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ne ya jagoranci tawagar gwamnatin tarayya, kuma a wannan karon Abdul'aziz da 'yan'uwansa da jikoki ne suka zauna karɓar gaisuwa.