Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa

A watan Satumba na shekarar 1940, wani masanin lissafi mai suna George Stibitz ya ba masana mamaki a wani taro da aka yi a Kwalejin Dartmouth ta ƙasar Amurka. Ya ajiye musu na'urar buga saƙon waya, ya ce kowa ya buga lissafin da yake so. Tambayar takan bi waya har zuwa birnin New York, inda wata na'urar lissafi ta kamfanin Bell take, ba da jimawa ba sai amsa ta dawo. Wannan na daga cikin lokutan farko da aka sa na'ura aiki alhali mai ba ta umarni yana wani gari. Daga wannan ɗan mafari ne aka taho har aka iso ga fasahar da a yau take ba mutum damar ganin fuskar kwamfutar da ke wata ƙasa, ya kuma sarrafa ta kamar yana zaune a gabanta.

Da farko rubutu kaɗai ake iya aikawa. Tsarin Telnet, wanda ya bayyana a 1969, yakan bari a buga umarni daga nesa, amsa ta zo cikin haruffa da alƙaluma. Da kwamfutoci suka fara nuna hotuna da tagogi sai aka buƙaci wata dabara. A 1984 aka fara tsarin X a jami'ar MIT. A 1998 kuma abubuwa biyu suka fito: masu bincike a wani ɗakin nazari na kamfanonin Olivetti da Oracle a Kambirij ta Ingila suka saki VNC kyauta, kamfanin Microsoft kuma ya fito da nasa tsarin mai suna RDP. Daga baya aka samu irin su TeamViewer, wanda aka ƙirƙiro a Jamus a 2005.

To, yaya abin yake aiki? Kwamfutoci biyu ne a cikin lamarin, ana iya kiran ta nesa mai masauki, ta hannun mutum kuma baƙuwa. Dukkan aikin yana gudana ne a cikin mai masauki, can fayiloli suke, can ake yin lissafi. Baƙuwa ba ta da wani aiki illa biyu: ta aika da kowane harafi da aka danna da kowane motsi na linzamin kwamfuta, sannan ta nuna hoton da aka maido mata. Saboda haka tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi tana iya zama taga zuwa ga babbar na'urar da ta fi ta nesa ba kusa ba.

Wahalar tana wajen aikawa da hoton. Fuskar kwamfuta ta ƙunshi ƙananan ɗigogi masu launi. Fuskar da ke da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye tana da ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana cin bayit 3 domin nuna ja da kore da shuɗi, wato hoto guda ya haura megabayit 6. In za a aika da shi sau 30 a cikin daƙiƙa ɗaya, ana maganar fiye da megabayit 180 ke nan, nauyin da mafi yawan layukan sadarwa ba za su iya ɗauka ba.

Injiniyoyi sun magance wannan da hikima. Ba a aika da hoton gaba ɗaya, sai wurin da ya canja kawai. Idan mutum ya buga harafi ɗaya, ɗan gurbin harafin ne zai bi waya. Idan ya ja taga daga hagu zuwa dama, ba sai an sake turo hotonta ba, sai dai a ce wa baƙuwa ta kwafi abin da take da shi ta mayar da shi sabon wuri. Idan kuma fili ne mai launi ɗaya, a faɗi launin da girman filin, shi ke nan. Abin da ya rage sai a matse shi kafin a tura.

Akwai kuma matsalar jinkiri, domin kowane danni sai ya je ya dawo kafin a ga sakamakonsa. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashi, don haka jinkirin ba shi da yawa. Amma in ta tauraron ɗan Adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 za a bi, zuwa da dawowa yakan ci wajen rabin daƙiƙa, har mai aiki ya ji linzami yana masa nawa.

Amfanin wannan fasaha a fili yake. Ma'aikaci guda yana iya gyara kwamfutocin makaranta ba tare da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ɗalibi yana iya amfani da manhajar da ke kan na'urar jami'a daga gida. A 2020, lokacin kullen annobar korona, ma'aikata masu ɗimbin yawa ta wannan hanya suka ci gaba da aikin ofis.

Sai dai ƙofar da mai gida ke bi, ita ɓarawo ke nema. A ranar 23 ga Disamba 2015, maharan intanet sun shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wutar lantarki a Yukren, suka sarrafa su daga nesa, suka yanke wa masu amfani da wuta kimanin 225,000 lantarki. 'Yan damfara kuma sukan bugo waya da sunan ma'aikatan banki ko masu gyara, su lallashi mutum ya ɗora manhajar sarrafawa a na'urarsa, daga nan su ga duk abin da yake gani, har da asusunsa.

Rigakafi dai ya fi magani. Ya kamata a zaɓi kalmar sirri mai tsawo, a ƙara da lambar tabbatarwa ta biyu, a riƙa sabunta manhaja, a kuma rufe wannan ƙofa idan ba a bukatarta. Malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta zai kyauta idan ya koya wa ɗalibansa wannan ƙa'ida tun da wuri: duk wanda aka ba izinin shiga daga nesa, an damƙa masa na'urar ne da duk abin da ke cikinta, don haka ba a ba da shi ga wanda ba a sani ba.