Direban katin sadarwa da sauke aiki a kan layi mai gudu

1. Matsala

Direba, wato abin da Faransanci ke kira "pilote", ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin tsarin kwamfuta da katin sadarwa. Saƙo yana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kuma bisa al'ada ƙunshin Ethernet ba ya ɗaukar fiye da bayit 1500. A 2002 aka tsai da ƙa'idar Ethernet mai gigabit 10 a sakan guda. A irin wannan layi ƙunshi sama da dubu 800 na iya shigowa cikin sakan. In ƙanana ne, masu bayit 64, sukan kai kusan miliyan 15. Idan kowane ƙunshi sai ya katse wa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki, to ba abin da za ta yi sai amsa sallama.

2. Hanyoyi biyu

Ta farko ita ce a ɗora wa kati dukan aikin ƙa'idar TCP. Microsoft ya fito da TCP Chimney a 2006, daga baya ya yi watsi da shi. Masu kula da Linux kuwa tun farko sun ƙi wannan hanya: ma'ajiyar kati ƙarama ce, gyaran kuskuren tsaro sai ya jira mai ƙera katin, sannan ƙunshi yana kauce wa tacewar tsarin.

Ta biyu ita ce a ba kati aikin maimaici kaɗai, tsarin ya ci gaba da riƙe lissafin kowace haɗuwa. Direba yana miƙa wa kati babban yanki, har kilobayit 64, katin ya yayyanka shi kusan gida 45. Wajen karɓa, dabarar NAPI tana rufe katsewa in ƙunshi ya yi yawa, direba ya riƙa kwasowa jimla-jimla. GRO, da ya shiga Linux a 2009, yana harhaɗa ƙunshin haɗuwa ɗaya kafin ya miƙa sama. RSS kuma yana rarraba ƙunshi layi-layi tsakanin ƙwaƙwalen kwamfutar.

3. Kammalawa

Ga TCP na yau da kullum, hanya ta biyu ce ta yaɗu. Wannan yana da amfani gare mu wajen ƙirƙirar kalmomi. Faransanci yana cewa "déchargement" ga duka biyun. Hausa tana iya bambantawa: "sauke kaya" ga ta farko, "rage kaya" ga ta biyu. Ɗalibin da aka ba kalma ɗaya zai ɗauka abu ɗaya ne, alhali sun bambanta a wurin da lissafin haɗuwa yake zaune. Shi ya sa muke ba da shawara ƙamus ɗinmu ya riƙe kalmomin biyu.