Balagar Mai Galahanga: Koyarwa Ta Fi Mari

Jiki ba ya jiran hankali. Yaro mai galahanga da ke da jinkirin fahimta yakan balaga daidai da sa'o'insa, sai dai dokokin kunya da su suka tsinta ba tare da an gaya musu ba, shi sun wuce shi. Sai ka ga ya kwance wando a gaban baƙi, ko ya kai hannu jikin matar da bai sani ba. A tsakar gida a yi ta salati. A ƙarƙashin gadar Kwangila kuwa, cikin cunkoson fasinjoji da 'yan kamasho, kafin wani ya ce ba shi da lafiya an yi masa jina-jina.

Sau da yawa ba iskanci ba ne. Wani ƙaiƙayin gaba ke damunsa ba bakin faɗa, wani wandon ne ya takura shi, wani kuma, abin da ya fi tayar da hankali, kwaikwayon abin da wani babba ya yi masa yake yi, domin irin waɗannan yara sun fi saurin faɗawa hannun azzalumai. Don haka a fara lura: yaushe yake yi, a ina, gaban wa? Sannan a koya masa tun kafin ya balaga, da gajerun kalmomi da hotuna da maimaici, cewa tuɓewa sai banɗaki ko ɗaki, kuma ba a taɓa kowa sai da izini.

Za a ce wannan buɗe wa yaro ido ne. To ai addininmu ya riga mu: ya koyar da suturce al'aura, da neman izini kafin shiga ɗaki, da raba wa yara shimfiɗa a shekara 10. Masu cewa a yi masa aure ya natsu, 'yar wa za a ba wanda bai san ma'anar yarda ba? Mari kuma mun ga ƙarshensa a Rigasa a 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari.

Uzurin yaron bai goge cutar da aka yi wa duk yarinyar da ya taɓa ba. A kare ta, a daina barinsa da ƙanana ba mai lura. Iyaye, idan abin ya ci tura, sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika bai yi wa Kwangila nisa ba.