Haƙƙin Yaron Shago: Abin da Shari'a da Dokar Ƙasa Suka Ɗora wa Maigida

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo da hantsi, ta gefen Kantin Kwari, zai ga samari suna sauke dilolin atamfa da shadda, wasu suna jera yadi, wasu kuma suna tare baƙin da suka zo sari daga Maraɗi ko Damagaram. Su ne yaran shago, kuma a wuyansu rabin cinikin nan yake tafiya. Amma da za ka ja ɗaya gefe ka tambaye shi nawa ne ladansa a wata, kuma yaushe za a sallame shi, amsar da ka fi ji ita ce: "Sai abin da Alhaji ya gani."

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wata ƙara da aka kawo mana don sulhu. Wani saurayi ne ya shekara tara a shagon wani attajiri, ana ba shi kuɗin abinci kullum, da ɗinkin Sallah, da alkawarin baki cewa wata rana za a ba shi jari. Ran nan aka ƙirga kaya, turame suka kasa, maigida ya ce ya tattara nasa ya nasa ya tafi, jarin kuwa ya bi kayan da suka ɓata. Muka ce wa attajirin: "Alhaji, nawa kuka yanka da shi ranar da ya fara?" Ya ce ai ɗa ne a wurinsa, ba a ciniki da ɗa. Muka tambayi yaron ko akwai shaida a kan alkawarin jari, ya ce kunya ta hana shi neman shaida a kan babansa. To, kunyar nan da alherin nan su ne suka haifi rigimar.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun sanya ɗaukar mutum aiki a babin ijara, kuma duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Shehu Halil ya san ijara 'yar'uwar ciniki ce. Kamar yadda ba a sayar da turmi a kan kuɗin da ba a ambata ba, haka ba a sayen gumin mutum a kan ladan da ba a sani ba. Wajibi ne a san lada, a kuma san wa'adi ko gwargwadon aikin. Ko a ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata gare shi, cikin Suratul Ƙasas, an ambaci shekarun aiki ƙarara, takwas ne, goma kuwa ganin dama. Idan aka bar lada a duhu ƙullin ya ɓaci, amma gumin bai faɗi banza ba: ma'aikaci yana da ujratul misli, watau abin da ake biyan irinsa a irin wannan aiki a wannan kasuwa. Da wannan muka yi wa mutanen nan lissafi, shekara tara, aka cire abin da yaron ya riga ya karɓa, sai ga saura mai yawa a kan maigida.

Batun kayan da suka ɓata kuma, a nan ne attajirai da yawa suke zamewa. Ma'aikacin da yake zaune a shagonka yana yi maka aiki kai kaɗai amintacce ne a idon shari'a, ba ya ramuwa sai an tabbatar ya yi sakaci ko ha'inci, kuma tabbatarwar a kan mai ƙara take. Wannan dabam yake da tela ko marini da ke karɓar kayan jama'a ya tafi da su wurin sana'arsa, domin shi Malikawa sun ɗora masa lamuni saboda tsare dukiyar mutane. In kuwa raba riba aka yi niyya, to sunansa ƙirali, wanda wasu ke kira mudaraba, kuma sai an faɗi kason tun farko, rabi ne ko sulusi, hasara kuma ta mai dukiya ce matuƙar ba a yi sakaci ba. Ba ya halatta a ce yaro abokin tarayya ne ranar hasara, ranar riba kuma a ce ɗan gida ne.

Wani zai ce dokar gwamnati ta kamfanonin Bompai da Sharaɗa ce, ba ta shiga shago. Wannan kuskure ne. Dokar Ƙwadago da aka kafa zamanin Janar Yakubu Gowon, wadda take babi na L1 cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta shafi mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu ko ina yake. Sashe na 7 ya wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci takarda kafin wata 3 su wuce da fara aiki, wadda ta bayyana irin aikin da albashi da lokacin biya da yadda za a rabu. Ba a jinkirta albashi ya wuce wata guda. Ma'aikaci yana da hutun yini ɗaya cikin kowane kwana 7, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12, da kwana 12 na jinya da albashinsa idan likita ya ba da shaida. Sallama ma tana da ƙa'ida a sashe na 11: sanarwar kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 zuwa ƙasa da shekara 5, wata guda cur ga wanda ya kai shekara 5. Yanke albashi saboda ɓarna kuwa, sashe na 5 bai yarda ba sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma sai ɓarnar ta zo ta ganganci ko sakaci. Mai hankali zai ga yadda wannan ya yi kusa da abin da fiƙihu ya faɗa tun ƙarnuka da suka shige.

Sai dai dokar tana da ramuka, kuma a cikinsu talaka yake faɗawa. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya fara da Naira 125 a 1981 zamanin Shugaba Shehu Shagari, ya kai Naira 30,000 a 2019, sannan Naira 70,000 a 2024, bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau kusan kowane shago a titin nan ya kuɓuta. Haka kuma Dokar Ƙwadago ta fitar da iyalin maigida daga ma'anar ma'aikaci, ta fitar da wanda aka ɗauka ba don sana'ar maigida ba, kamar mai aikin cikin gida. Ma'aikatan gwamnati su lura da wannan, domin mutum ya kan yi zanga-zanga a kan jinkirin albashinsa da safe, da yamma ya ce wa mai wankinsa ya dawo wani watan. Hadisin da Buhari ya ruwaito a kan mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ci gumin ma'aikaci bai biya ba, bai ƙidaya ma'aikata 25 ba, bai kuma togace ɗan ƙanen mutum ba.

Game da daidaito, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan lada ɗaya ga aiki ɗaya tsakanin namiji da mace a 1974, da wadda ta hana wariya wajen ɗaukar aiki a 2002. A wurinmu ma lada farashin aiki ne, ba farashin dangantaka ba. Wanda ya zo daga Sabon Gari da wanda aka haifa a Fagge, in dilar da suka ɗauka ɗaya ce, ladansu ɗaya ne. Kuma gaskiya ita ce maƙwabtanmu 'yan kabilar Ibo sun fi mu tsari a nan, domin su kan yanka shekarun yaro a gaban iyayensa tun ranar farko, kowa ya san lokacin sallama.

Wanda aka zalunta yana da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, yana kuma da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'ar ƙwadago, kuma tana da reshe a Kano. Mutanen nan biyu dai ba su kai can ba. Alhaji ya amince zai biya saura kashi uku cikin wata shida, aka rubuta da Hausa da ajami a gaban shaidu biyu daga layinsu, kowa ya riƙe takarda ɗaya. Kafin ya tashi ya roƙe mu mu rubuta masa irinta domin sauran yara huɗu da ke shagon, muka ce ya je ya zo da su da iyayensu tukuna.