Dankalin Turawa: ba dole sai an tsunduma shi cikin mai ba

Duk wanda ya san gidajenmu na birni ya san cewa dankalin Turawa kusan hanya ɗaya yake bi kafin ya isa faranti. A feraye shi, a yanyanka, a tsunduma cikin tafasasshen mai, a kwashe, a barbaɗa gishiri, a kawo shi tare da soyayyen ƙwai. A watan azumi kuwa abin ya fi ƙamari, domin akwai gidajen da ba a ganin buɗa-baki ya cika sai da shi, tun daga ranar farko har zuwa jajibirin salla. Ba ni da ja da daɗinsa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka mayar da abinci mai amfani ya koma abin da likita ke fara hana mai hawan jini da mai ciwon suga, alhali laifin kasko ne, dankalin bai ji ba bai gani ba.

Asalin wannan tsiro daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka yake, yankin Peru da Bolibiya, kuma Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Zuwa ƙasarmu kuwa ta hannun Turawan haƙar kuza da 'yan mishan ya iso, ya kuma sami gindin zama a tudun Jos saboda sanyin wurin. Har gobe Bokkos da Mangu da Barikin Ladi su ne rumbunsa, akwai kuma tashar bincike kan dankali a Kuru, kusa da Jos. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2008 a matsayin shekarar dankali, daga baya ta sanya 30 ga Mayu ta zama ranarsa, aka fara bikin a 2024. Ba don soyuwa aka yi masa wannan karramawa ba, sai don yana ciyar da jama'a masu yawa a ƙaramin fili, cikin kamar wata uku zuwa huɗu.

To, bari mu dubi lissafi. Giram 100 na dafaffen dankali bai kai kalori 90 ba, kuma kusan babu kitse a cikinsa. Amma giram 100 na soyayye, irin siraran nan, ya haura kalori 300. Wannan bambanci ya samo asali ne daga man da dankalin ya sha da kuma ƙonewar ruwan jikinsa. Bugu da ƙari, a shekarar 2002 masana a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, idan aka soya ko aka gasa shi da wuta mai tsanani har ya yi duhu, yana samar da wani sinadari mai suna akirilamayid, wanda ake zargin yana da hannu a cutar daji. Dafawa cikin ruwa ba ta kawo wannan matsala. Ga kuma ɗabi'ar nan ta ajiye man da aka yi suya da shi jiya a sake dulmiya wani dankalin yau, gobe ma haka, har man ya yi baƙi. Tsadar mai ce ta jawo, na sani, sai dai wannan tattali ne da ake biyan kuɗinsa daga baya a asibiti.

Abin mamaki shi ne mafita tana cikin ɗakin girkin iyayenmu tun tuni. Bahaushe ya san kwaɗo. Yana kwaɗa zogale, yana kwaɗa rama, yana kwaɗa rogo, da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono. Me ya hana a kwaɗa dankali?

Ga yadda za a yi. Uwargida ta sami dankali kamar rabin kilo, ƙanana ko matsakaita, ta wanke su tas, ta dirje ƙasar da ke jikinsu, kada ta feraye. Ɓawon nan da muke zubarwa yana da harza mai taimakon hanji, kuma yana rage tsiyayewar bitamin C cikin ruwan dahuwa. A zuba su a tukunya da ruwan sanyi wanda ya ɗan rufe su, domin in aka jefa su cikin tafasasshen ruwa bayansu zai faffashe cikinsu bai nuna ba. Bayan tafasa a rage wuta, a ba su minti 15 zuwa 20. Da zarar bakin wuƙa ya shige ba gardama, an gama. A tsiyaye ruwan, a bar su su sha iska har su huce.

Wannan hucewa tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Na farko, dankalin da ya huce ba ya dagargajewa idan ana juya shi. Na biyu, wani ɓangare na sitacinsa yana canja kama idan ya yi sanyi, ya zama wanda ba ya saurin narkewa, don haka sukarin jini ba ya yin tsalle kamar yadda yake yi da mai zafi. Ba ina nufin mai ciwon suga ya ci son ransa ba. Dankali dai sitaci ne, ɗan'uwan shinkafa da tuwo, kuma ana maganar mahaɗi ne a gefen faranti, abin da bai wuce dunƙulen hannu ba.

Sai a yanka shi gida huɗu-huɗu, a yanka albasa ɗaya siriri, tumatir biyu, attaruhu gwargwadon ƙarfin bakin mutanen gida. A daka ƙuli-ƙuli kamar cikin tafin hannu, a ɗan yayyafa masa ruwa ya yi laushi, a matse rabin lemun tsami, a ƙara cokali ɗaya na man gyaɗa, ɗaya tak. A haɗa duka a juya a hankali. In akwai dafaffen zogale a watsa, shi ne ma ya fi, domin yana cika farantin da ganye ya rage yawan dankalin da kowa zai ɗiba. Yana tafiya da gasasshen kifi, da dafaffen wake, da farfesun kaza.

Batun gishiri shi ne inda hannu ke yawan zarcewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukkan abincin da zai ci. Ƙuli-ƙuli da gishirinsa yake zuwa, magi kuwa mafi yawan nauyinsa gishiri ne. Saboda haka a ɗanɗana kafin a ƙara, kuma tsamin lemun yana cike gurbin da harshe ke nema. Dankali yana da sinadarin fotashiyam mai yawa, wanda ke taimaka wa mai hawan jini, amma mai ciwon ƙoda shi kam sai ya nemi shawarar likitansa, domin ƙodarsa ba ta iya fitar da rarar.

A kasuwa kuma a lura da wanda jikinsa ya yi kore ko ya fara tsiro. Haske ne ke sa shi yin kore, kuma alama ce ta taruwar wani dafi mai ɗaci da ake kira solanin, wanda dahuwa ba ta kawar da shi, yana kuma sa amai da ciwon ciki. In koren kaɗan ne a yanke shi da zurfi, in ya mamaye a zubar. A gida a ajiye dankali a wuri mai duhu da iska, cikin kwando, ba cikin leda ba. Kwaɗon kuma, tunda da ɗanyen tumatir da albasa aka yi shi, a zafin garuruwanmu kada ya wuce awa biyu a waje. In za a kai shi buɗa-baki, a dafa dankalin bayan la'asar, a bar haɗawa sai gab da kiran salla.