Dajin mama: bayan aiki da magani, kada a daina komawa likita

An yi wa mace aiki, ta sha magani, ƙarfi ya dawo, ta koma rumfarta a kasuwa. Alhamdu lillahi. To amma da sauran rina a kaba. Dajin mama, wanda ya fi kowane daji kama mata a Nijar, yakan dawo wa wasu ko da an tare shi da wuri. Galibi cikin shekaru 5 na farko yake dawowa, wani irin kuma har bayan shekaru 10.

Yaya ake gane ya dawo? Da farko ke ce mai gadin jikinki. Sau ɗaya a wata, ki shafa wurin aikin, da ɗaya maman, da hammata, da saman ƙashin wuya. In kin ji ƙullutu, ko fata ta yi ja ko kauri, ko miki ya ƙi warkewa, kada ki jira ranar da aka ba ki. Haka ma ciwon ƙashi ko na baya da ba ya lafawa, tari mai daɗewa, sarƙewar numfashi, rama, idanu su yi ɗorawa, ko ciwon kai mai naci, domin cutar takan yaɗu zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Na biyu, awon lokotoro: kowane wata 3 zuwa 6 a shekaru 3 na farko, sannan wata 6 zuwa 12 har shekara ta 5, daga nan sau ɗaya a shekara. Hoton mama, wato mamografi, shi ma sau ɗaya ne a shekara. Sauran hotuna da awon jini sai in an ga wata alama. Ba kowane ƙullutu ne daji ba. Sai an ɗebi ɗan nama an auna ake tabbatarwa.

Wadda aka ɗora kan Tamoxifen, ta sha har shekaru 5 ko fiye, yadda aka ce mata. In ta ga jini ba lokacinsa ba, ta faɗa.

Tun 2021 ake gashin daji a cibiyar yaƙi da cutar da ke Yamai. Gaskiya ne, daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa akwai kuɗin mota da asarar ciniki. Ki ware wani abu cikin adashe, ki adana takardunki wuri guda, ki bar wa ƴar'uwa rumfa. Cinikin yini guda ana mayar da shi gobe.