Shin Doka Ta Wajabta Nuna Katin Shaida A Gidan Caca?

 A yau za mu duba wata tambaya da kan taso a hirar masu zuwa sarin kaya Kwatano da Lome da Legas, da ma waɗanda ke ƙetarawa har ƙasar Sin. Da yawa daga cikin manyan otal-otal na irin waɗannan birane suna da gidan caca, wanda ake kira kasino. Tambayar ita ce: shin doka ta ce dole sai mutum ya nuna katin shaida ko fasfo a irin wannan wuri, ko kuwa kowa na shiga ya fita ba a san ko wane ne shi ba?

Kafin mu ci gaba, kowa ya san matsayin caca a addinin Musulunci, haram ce, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90. Don haka ba mu zo koya wa kowa hanyar gidan caca ba. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, ɗan kasuwa na iya faɗawa cikin rikicin gidan caca bai taɓa zama kan teburin ba, ta hanyar fasfonsa kawai.

Amsar a taƙaice ita ce, wuri biyu ake iya tambayar mutum takarda: bakin ƙofa da gaban kashiya. A bakin ƙofa kowace ƙasa da tata dokar, wasu na tambaya, wasu ba sa tambaya. Amma a gaban kashiya, inda ake ba da kuɗi a karɓi ƙwandalolin roba na caca, waɗanda masu Faransanci ke kira jeton, ko kuma a mayar da su a karɓi kuɗi, nan kusan duniya ta zama baki ɗaya. Da zarar kuɗin ya kai wani adadi, dole a ga takarda, a kuma rubuta suna.

A bakin ƙofa

Mu fara da Faransa, wadda dokokin ƙasashenmu da dama suka yi koyi da nata. Tun daga ranar 1 ga Nuwamban 2006, wajibi ne kowane gidan caca a Faransa ya duba takardar shaidar duk mai shiga ɗakin caca, yaro ne ko tsoho mai furfura. Dalili biyu ne: a hana wanda bai kai shekara 18 ba, a kuma tare waɗanda sunansu ke cikin jerin mutanen da aka hana caca. Wasu daga cikinsu da kansu suka roƙi hukuma ta sa su a jerin, bayan caca ta cinye musu dukiya.

A Monako ma, inda shahararren gidan cacar Monte Carlo yake, sai an nuna fasfo ko katin ɗan ƙasa, domin dokar ƙasar ta hana 'yan asalin Monako yin caca a can. Wato sun buɗe wa baƙi ƙofa, sun rufe wa nasu. Singafo kuwa, wadda ta buɗe gidajen cacarta guda 2 a 2010, ta bi wata hanyar daban. Baƙo zai nuna fasfo ya shiga kyauta, ɗan ƙasa kuma sai ya biya kuɗin shiga. Da farko dalar Singafo 100 ce a yini, a 2019 aka mayar da ita 150.

Ingila ta taɓa fin kowa tsanani. A da, sai mutum ya yi rajistar zama ɗan gida, ya jira awa 24 kafin a bar shi ya yi caca. Dokar caca ta 2005 ta soke wannan jira.

To, sai Amurka. A jihar Nevada, inda birnin Las Vegas yake, babu dokar da ta ce a tsayar da kowa a ƙofa a duba masa kati. Abin da doka ta hana shi ne wanda bai kai shekara 21 ba ya yi caca ko ya tsaya a wurin da ake yin ta, kuma in aka kama, gidan ma na shan hukunci. Saboda haka masu gadi kan tambayi duk wanda suka ga alamar ƙuruciya a fuskarsa. Mutum na iya ƙin nunawa, su kuma suna da ikon su ce ya fita, tunda gidansu ne.

Makawo ta fi kusa da 'yan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu, kuma ita kaɗai ce wurin da aka halatta gidajen caca a ƙarƙashin ƙasar Sin. A can ma tun Nuwamban 2012 shekara 21 ce iyaka, kuma masu gadi na da ikon tambayar takarda. Sai dai tun kafin mutum ya kai ƙofar gidan caca ya riga ya nuna fasfo, domin Makawo na da nata shingen shige da fice. A nan a lura da abu biyu. Mai bizar Sin ta shiga sau ɗaya, in ya ƙetara Makawo, bizarsa ta ƙare, ba zai koma Gwanzu wurin kayansa da ita ba. Haka kuma tun 2010, masu fasfon Najeriya na cikin waɗanda dole su nemi bizar Makawo tun kafin su isa.

A gaban kashiya

A 1989 ne manyan ƙasashe 7 masu arzikin masana'antu suka kafa hukumar FATF a birnin Paris, wadda masu Faransanci ke kira GAFI, don yaƙi da wanke kuɗin haram. Ƙa'idarta game da gidajen caca ita ce, duk wanda ya yi hulɗar kuɗi da ta kai dalar Amurka 3,000 ko Yuro 3,000, dole a tantance ko wane ne shi. Ƙasar da ta yi sakaci da ƙa'idojin hukumar na iya shiga jerin ƙasashen da ake sa wa ido, abin da ke wahalar da bankunanta da 'yan kasuwarta wajen aika kuɗi waje.

Tarayyar Turai ta ƙara matsawa, inda ta sa iyakar a Yuro 2,000. A Amurka kuwa tun 1985 aka sa gidajen caca ƙarƙashin dokar da ke sa ido kan bankuna. Idan tsabar kuɗin da mutum ya shigar ko ya fitar a yini guda ta wuce dala 10,000, gidan zai cika takardar rahoto zuwa ma'aikatar kuɗi, da suna da adireshi da lambar takardar shaida. Baƙo fasfonsa za a karɓa. Mai wayon da zai ce bari ya rarraba kuɗin, 9,000 yanzu 9,000 anjima, ya sani rarrabawar kanta laifi ce a dokar Amurka, ko da kuɗin halas ne. Bugu da ƙari, daga dala 5,000 zuwa sama, in ma'aikata suka ga abin da bai kwanta musu ba, za su aika rahoton zargi a asirce, kuma doka ta hana su gaya wa mai kuɗin.

Me ya kawo wannan tsanani?

Dalilin shi ne gidan caca na yin aikin banki a fakaice. Ɓarawo zai kawo jakar kuɗi ya sayi ƙwandaloli, ya ɗan taɓa caca kaɗan, sannan ya mayar da sauran ya karɓi caki ko sabbin takardun kuɗi. In an tambaye shi ina ya samu, sai ya ce ci ya yi.

Duniya ta ga misali a Fabrairun 2016, lokacin da ɓarayin kwamfuta suka kwashe dala miliyan 81 daga asusun babban bankin Bangaladash da ke New York, suka tura su Manila ta ƙasar Filifin. A lokacin dokar wanke kuɗi ta Filifin ba ta haɗa da gidajen caca ba. Mafi yawan kuɗin ya bi ta teburan caca ya ɓace, abin da aka iya karɓowa daga hannun wani dillalin 'yan caca bai wuce kimanin miliyan 15 ba. Sai a 2017 ƙasar ta gyara dokarta, bayan ɓarna ta riga ta auku. A Ostireliya kuma, a 2023 kotu ta ci kamfanin gidajen caca na Crown tarar dalar Ostireliya miliyan 450 saboda sakaci da waɗannan ƙa'idoji. Gidan da ya ga irin wannan tara ba zai yi wa kowa kara a kan fasfo ba.

Mu nan yankinmu fa?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan maganar Turawa ce kawai. A 2000 ƙungiyar CEDEAO ta kafa hukumar GIABA mai hedkwata a Dakar don wannan yaƙi. A 2002 kuma ƙasashen UEMOA masu amfani da kuɗin sefa, ciki har da Nijar da Benin da Togo, suka fitar da umarni na bai ɗaya. Umarnin ya ce duk wanda ya sayi ƙwandalolin caca, ko ya kawo su, ko ya canja su, na miliyan 1 na sefa ko fiye, dole ya nuna katin ɗan ƙasa ko wata takardar hukuma mai hoto wadda ba ta mutu ba. Gidan zai ɗauki kwafinta, ya rubuta hulɗar a rajista ta musamman, ya ajiye rajistar shekara 10. An sabunta dokokin a 2015 da 2023, kuma kowace ƙasa na da ofishin CENTIF mai karɓar rahoton kuɗaɗen da ake zargi. Ɗan kasuwa ya san miliyan 1 ba wani babban kuɗi ba ne a wurin mai sarin atamfa ko mota a Kwatano.

A Najeriya, dokar hana wanke kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa gidajen caca su tantance mai hulɗa da su ta hanyar takardar asali, su rubuta kowace hulɗa bi da bi, su kai bayanin ga sashen SCUML da ke ƙarƙashin hukumar EFCC. Game da halaccin cacar kanta kuwa, a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hurumin jihohi ne, kuma jihohin Arewa masu bin shari'ar Musulunci, irin su Kano da Zamfara, sun haramta ta.

Inda abin ya shafi ɗan kasuwa

Ga mu nan mun zo gaɓar da ta fi muhimmanci. Wanda kuɗinsa ba su da tsarki, ko wanda aka hana shi caca, ba ya son sunansa ya shiga rajista. Abin da yake nema shi ne wani mai fasfo mai tsabta da zai tsaya masa a gaban kashiya. Baƙon ɗan kasuwa da ya sauka a otal, ba ya jin yaren garin, yana kuma neman canji mai sauƙi, shi ne ya fi dacewa da wannan aiki. Za a iya ce masa ya ara fasfonsa na minti 5 a ba shi la'ada, ko a ce ya kawo sefarsa a canja masa ta cikin gidan caca a farashin da ya fi na kasuwa.

To, a sani cewa sunan da ke rajista shi hukuma ta sani. Ranar da bincike ya taso, ko bayan shekaru ne, mai fasfon za a nema, wancan kuwa ya daɗe da yin gaba. Abin na iya kaiwa ga rufe asusun banki, ko hana biza, ko tsarewa a filin jirgi. Kuma sau da yawa kuɗin da ɗan kasuwa ke ɗauke da su ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai saƙon maƙwabta da jarin 'yan uwa, amana ce ta mutane da yawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Bahaushe.

Shawararmu ita ce, fasfo da katin ɗan ƙasa ba kayan aro ba ne, ko a gidan caca ko a wajensa. Mai neman canji ya je banki ko wurin ɗan canji mai lasisi, ya karɓi rasiɗi ya ajiye. Kada ya ji haushi in a can ma an tambaye shi takarda, domin dokokin nan da suka shafi gidan caca sun shafi 'yan canji da masu sayar da zinariya. Mai ƙetare iyaka da kuɗi masu yawa ya bayyana su ga jami'an duwan, a Najeriya misali duk abin da ya wuce dalar Amurka 10,000 dole a bayyana shi. Kuma manya su ja kunnen yaran shago da suke aikawa sari su kaɗai, don su aka fi saurin ruɗa da 'yar la'ada.

Daga ƙarshe, duk wanda ya ce maka gidan caca wuri ne da ba a tambayar suna, ƙofar kawai ya gani, bai kai gaban kashiya ba. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.